A haɗa masu zanen Zariya da likitocin Barnawa, yaranmu na buƙata

Assalamu alaikum Edita. Dan Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan wani abu da ya daɗe yana cina a rai.

Ni malamar firamare ce a nan cikin garin Kaduna, shekarata 14 ina riƙe da alli. Bara aka kawo mana wani yaro ajina, ɗan shekara tara haka, iyayenshi sun gudo daga wani ƙauye ta wajen Birnin Gwari, kawunshi ne ya kawo shi ya ce malama ga amana, ba ya magana sosai. Ashe ba sosai ba ne, ba ya yi ne kwata-kwata. Wata biyu cur yaron nan in an kira suna sai dai ya ɗaga hannu, in babur ya wuce ta bayan taga da ƙarfi sai ka gan shi ƙarƙashin benci, yara su yi ta dariya ni kuma in rasa yadda zan yi, na lallasa, na yi faɗa, na saya mai alawa, duk a banza.

Ina da ƙanwa da ta karanta zane-zane a jami'a, ta gama bautar ƙasa tana zaune gida tana lalle da ɗan zanen kati. Wata Juma'a ta biyo ni makaranta da ragowar kwali da fensir mai kala ta raba ma yara, ta ce kowa ya zana abun da ya ga dama. Yaron nan ya ɗauki baƙi da ja kawai. Ya zana babura guda huɗu kowanne da mutum uku a kai, ya zana ɗaki babu rufi, a bakin ƙofa kuma wani dogon abu a kwance. Ta tsuguna kusa da shi ta nuna wurin ta ce wa ke nan? Ya ce Baba. Wallahi Edita kalmar farko kenan da na taɓa ji daga bakinshi, sai da na fita waje na share hawaye.

Toh amma ba nan labarin ya tsaya ba, kuma ragowar ne ya sa na rubuto. Ran Litinin kawun ya zo ya ce yaro kwana uku ba ya barci, firgita yake yana ihu. Ƙanwata da ta ji hankalinta ya tashi, ta ce min Yaya na fama mai ciwo kuma ban san yadda ake ɗaure shi ba, ba a koya mana wannan ba. Gaskiya ta faɗa. An koya mata haɗa kala da sassaƙa, ba a koya mata abun da za ta yi in yaro ya zubo mata tashin hankalin da ya gani a kan takarda ba. Daga baya asibiti aka kai shi, alhamdulillahi yanzu da sauƙi, yana ɗan wasa da yara.

Tun daga nan ta shiga bincike a intanet, sai ga shi ashe wannan abun karatu ne mai zaman kanshi, jinyar damuwa da taɓin hankali ta hanyar zane ko kiɗa ko wasan kwaikwayo ko motsa jiki. Wani mai zane ɗan Ingila Adrian Hill shi ya fara raɗa ma jinya da zane suna a 1942, bayan ya yi jinyar tarin fuka ya ga yadda zane ya riƙe shi da sauran majinyata. A Amurka kuma tun lokacin yaƙin duniya na biyu an ga yadda kiɗa ke taimakon sojojin da suka dawo a firgice, har jami'ar jihar Michigan ta buɗe kwas ɗin tun 1944. Yau a Ingila ba ka isa ka kira kanka mai wannan aikin ba sai ka yi mastas, ka yi aiki a asibiti ƙarƙashin kulawar ƙwararre, sannan hukumar ma'aikatan lafiya ta yi maka rajista. Ba sai mun je nesa ba ma, a Afirka ta Kudu jami'ar Pretoria na koyar da jinya da kiɗa, ta Wits a Johannesburg na koyar da jinya da wasan kwaikwayo.

Sai maganar kuɗi, nan ne gizo ke saƙar. Duk jami'o'in da ke kusa da mu mun bincika ba mu samu kwas ɗin ba, ya zama sai waje. A Ingila yawanci shekara biyu ne, kuɗin makaranta kaɗai in ka juya fam zuwa naira miliyoyi ne masu yawa, ga masauki ga abinci ga biza ga jirgi, mu kuma albashin firamare kowa ya san shi. Ta ce bari ta nemi Chevening, tallafin karatu na gwamnatin Ingila, sai ta tarar su kwas na shekara ɗaya suke ɗauka, nata ya wuce. Bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024 na ɗaliban makarantun gwamnati ne na cikin gida, toh kwas ɗin da ba ka samu a gida ba ina za ka ci bashi a kanshi? Kuma duk inda ta kai takarda neman tallafi da an ga zane a satifiket sai a ture gefe, a ce likitanci da injiniyanci ake dubawa. Wani babba ma cewa ya yi ta je ta yi aure ta bar wasan yara. Ta dawo gida ranan ko abinci ba ta ci ba.

Abun da ke ƙona min rai shi ne duk kayan haɗin nan muna da su a jihar nan. Zariya fa ita ce gidan zane a Najeriya, tun 1958 su Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyar masu zane suna ɗalibai a can, kafin ma makarantar ta koma jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Sashen wasan kwaikwayo na jami'ar a Samaru shekaru da dama suna shiga ƙauyuka suna wasa da mutanen gari kan matsalolinsu. Ga asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, ga asibitin koyarwa a Shika, ga KASU jami'ar jiha a tsakiyar gari. Tsakanin Kaduna da Zariya tafiyar awa ɗaya da ɗoriya ce. Me zai hana a zauna a tsara dafuloma ta gaba da digiri ko mastas, masu zane da masu wasan kwaikwayo su koyi ilimin halayyar ɗan Adam da ƙa'idar jinya da riƙe sirrin majinyaci, su yi wata da watanni a asibiti likita na kallon aikinsu?

Masu buƙata kam ba sai an nema ba. Ɗaliban Afaka 39 da aka kwashe a Maris 2021, na Greenfield, na Bethel Baptist, fasinjojin jirgin ƙasa na 28 ga Maris 2022, mutanen Tudun Biri da bam ya faɗa ma, yaran Kuriga a 2024. In an sako waɗanda aka sace a ɗauki hoto a yi murna kowa ya watse, dare in ya yi uwa ce kaɗai ta san me ke faruwa a ɗaki. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200 ba su kai 300 ba, kuma yaro ɗan shekara bakwai ko ka zaunar da shi gaban likita ba shi da kalmomin da zai faɗi abun da ya gani, amma hannunshi zai iya nunawa.

Na san wasu za su ce zanen mai rai da kiɗa akwai magana a addini, ina girmama wannan, ni ma gidan malamai na fito. Amma jinyar nan ba dole sai an zana mutum ba. Akwai zayyana irin ta allo, akwai ginin tukunya da yumɓu, saƙar faifai, ɗinkin hula, lalle, tatsuniya. Kakata in abu ya dame ta a bakin turmi take fitar da shi, tana daka tana waƙa har ta huce. In namu ne suka yi karatun su za su san wanne ya dace da gidan Bahaushe, wanne ya dace da Kafanchan ko Zonkwa. Farfesa Lambo, likitan ƙwaƙwalwa, ya nuna hanya tun 1954 a Aro ta Abeokuta, da ya zaunar da majinyata a ƙauye tare da danginsu har ya jawo masu maganin gargajiya cikin aikin. Kuma kar a fahimce ni ba daidai ba, wanda likita ya ɗora kan magani ya ci gaba da shan maganinshi, wannan ƙari ne a kai.

Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairun 2023, ta maye gurbin tsohuwar ta 1958 ta zamanin Turawa. Doka ta samu, saura ma'aikata. Roƙona ga hukumar bayar da sikolashif ta jihar Kaduna ta ware ko gurbi biyar ne a shekara, a tura malaman jami'a da matasa masu digirin zane su koyo, a sa su sa hannu za su dawo su yi aiki a jiha. TETFund mai tallafa ma manyan makarantu ta taimaka a buɗe kwas ɗin a gida don bashin NELFUND ya iya kaiwa gare shi. Ma'aikatar lafiya kuma ta tanadi matakin albashi, don babu uban da zai bar ɗiyarshi ta yi shekara biyu tana karatun da ba a ɗaukar aiki da shi. Masu hali na garin nan da ke raba shinkafa da azumi, Allah ya saka, a ɗauki nauyin ɗalibi ko ɗaya ne.

Ƙanwata har yanzu tana zuwa min aji duk Juma'a da kwalinta, sai dai yanzu fure da kasuwa da tambarin Arewa take sa su zana, ta daina tambayar kowa wa ke cikin hoton. Zanen yaron nan yana cikin jakarta, ta ce ba za ta sake buɗewa ba sai ranan da ta koyi aikin.

Na gode Edita, Allah ya ƙara ɗaukaka.

Daga wata malamar firamare, Rigasa, Kaduna.