Wasiƙa daga Atami

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali, da su Baba da Inna. Mu ma nan lafiya lau, sai dai zafi. Bazarar Japan ba ta da sauƙi, iskar jiƙe take, riga na manne wa mutum tun da hantsi.

Labarin wasan wuta zan ba ka. Na je Atami, wani gari ne a bakin teku a lardin Shizuoka, wanda ya yi suna wajen maɓuɓɓugan ruwan zafi. Daga Tokyo jirgin ƙasa mai gudun gaske, Shinkansen, ba ya cika awa guda ya sauke ka. Tun la'asar mutane ke shimfiɗa ledoji a kan yashi suna kama wuri, 'yan mata da samari sanye da yukata, rigar auduga ta lokacin zafi, kowa da mafici a hannu. Masu rumfuna na ta soye-soye, amma ka san halina, taliyarsu sau da yawa da naman alade ake yi, don haka na tsaya kan gasasshiyar masara da ƙanƙara mai zaƙi.

Bayan ƙarfe takwas aka fara harbawa daga tashar jiragen ruwa. Launukan kam ka sha gani a waya. Ƙarar ce waya ba ta ɗauka. Duwatsu sun kewaye garin ta ɓangare uku, in aka harba ɗaya sai amon ya bugi dutse ya dawo, ka ji shi har cikin ƙirji kamar ana buga tambari a gefenka. Wani yaro kusa da ni ya toshe kunnuwa, amma idonsa na sama. A ƙarshe suka saki wanda suke kira Niagara, farar wuta ta cika sama tana zubowa, teku ya haskaka tangararas. Duka bai kai rabin awa ba.

Kuma asalinsa ba shagali ba ne. A 1949 guguwar Kitty ta share gidajen bakin teku, a 1950 gobara ta cinye tsakiyar gari. Sai a 1952 suka fara wannan biki don ƙarfafa wa mutane gwiwa da jawo baƙi. Yanzu har da sanyi suna yi.

Komawa tasha ita ce wahalar, ga hawan tudu ga cunkoso, ko da yake babu mai ture wani.

Ka gaishe min da mutan gida. In ka samu mai tahowa, don Allah a riƙo min yaji.

Naka,
Amininka