Daga Sakkwato zuwa Maiduguri, me ya kai mu Abuja?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in yi magana kan abin da ke ci wa matafiyan Arewa tuwo a ƙwarya.

Tsakanin filin jirgin Sultan Abubakar III na Sakkwato da na Maiduguri, idan jirgi ya miƙe, kimanin kilomita 860 ne. Babban jirgi irin Boeing 737 zai cinye wannan cikin awa ɗaya da 'yan mintuna, ƙarami mai farfela kuwa kamar awa biyu. To amma ina jirgin yake? Wanda ke son wannan tafiya sai ya fara gangarawa Abuja, kusan kilomita 490, ya sauka, ya karɓi kaya, ya sake bin layi da wani tikitin, sannan ya hau na Maiduguri, wajen kilomita 710. Jimla kusan 1,200 ke nan. Ƙarin nisan ma da sauƙi. Zaman jira ne ke kashe mutum. Jirgin farko ya makara kaɗan, na biyu ya tafi, sai neman masauki a Abuja, kuma kowa ya san kuɗin ɗaki a garin nan.

Na san abin da kamfanoni za su ce: ba a samun fasinjan da zai cika kujera 140 daga Sakkwato zuwa Borno kullum, ga man jirgi da tsada, ga kayan gyara da dala ake saye. Gaskiyarsu. Shi ya sa ni ban nemi jirgi kai tsaye ba.

A duba taswira. Kano tana kusan kan layin da ya haɗa garuruwan biyu: Sakkwato zuwa Kano kimanin kilomita 370, Kano zuwa Maiduguri kusan 500. In ka haɗa, 870, wato ratsen da za a yi bai taka kara ya karya ba. Jirgi mai kujera 70 irin ATR 72 zai iya tashi da safe daga Sakkwato, ya yada zango a filin Malam Aminu Kano na rabin awa, ya sauke 'yan Kantin Kwari ya ɗebi masu zuwa gabas, kafin azahar yana Maiduguri, da la'asar ya juyo. Fasinjan hanya uku ne a jirgi ɗaya, cika shi ba zai yi wuya ba.

Gwamnonin da ke ta gina sababbin filayen jirgi da ba a sauka a cikinsu sai lokacin aikin Hajji, su zauna da kamfanoni su ɗauki nauyin kujerun da ba a saya ba na shekarar farko, a gwada wannan hanya.

Naka,
Mai karatu daga Sakkwato