Zuwa ga mutumina na Malesiya

Assalamu alaikum mutumina,

Wai kai tunda ka ci shinkafar Malesiya shikenan ka manta da talakawa? Wata huɗu ba kira ba saƙo, sai dai in gan ka a sitatus gaban dogon bene da baƙin gilashi kamar ɗan majalisa. Ya karatu, ya zafin garin? Mama ta ce in tambaye ka wani abu, bari in gama wannan tukun.

Gurup ɗinmu ya kusa watsewa kan Diddy, mawaƙin Amurkan nan, kai da ka fita tun bara ka huta. Ranar 3 ga Oktoban 2025 da alƙali ya ɗaure shi wata 50 wallahi har ƙarfe biyun dare ana zuba saƙon murya, data ta sai da ta ƙare. Dogon nan mai shagon aski ya dage wai sharri ne, turawa ba sa son ganin baƙar fata da kuɗi, wai ai tun Yuli kotu ta wanke shi daga manyan tuhume-tuhumen, abin da aka kama shi da shi kai mutane wata jiha don karuwanci ne kawai. Kawai fa ya ce! Sai ƙanwar admin, ita kaɗai ce macen da ta rage mana, ba ta ce uffan ba ta turo bidiyon otal ɗin nan na Los Angeles na 2016 wanda CNN ta saki a Mayun 2024. Ka san shi ai, yana ɗaure da tawul ya biyo budurwarsa Cassie a guje har bakin lif, ya fizgo ta ya maka da ƙasa, ya sa ƙafa ya shure ta sannan ya ja ta a ƙasa. Gurup ya yi tsit kamar an yi ruwa an ɗauke.

To ga inda abin ya dame ni. Bayan bidiyon ta turo hoton wani tsohon saƙo na Nuwamban 2023, lokacin da Cassie ta kai ƙara washegari aka sasanta. Rubutuna ne mutumina. Na ce kuɗi take nema, ga shi an ba ta ta yi shiru, har da ɗan hoton dariya guda uku na sa. Shekara biyu yarinyar nan tana ajiye da shi a waya. Na rasa inda zan sa kaina, na rubuta amsa na goge ya fi sau biyar, ƙarshe na kife wayar na kwanta, baccin ma bai zo ba.

Don gaskiya ba maganar Cassie ce ta sa muka yarda ba, kyamarar otal ce. Shi kansa ai musu yake yi sai da bidiyo ya fito ya hau Instagram yana ba da haƙuri. Ka tuna mawaƙiyar nan Megan Thee Stallion? Tory Lanez ya harbe ta a ƙafa a 2020, ga shaidar asibiti, amma aka shekara biyu ana ce mata maƙaryaciya, mu ma a majalisa mun taya, sai Disambar 2022 kotu ta same shi da laifi daga baya aka ba shi shekara 10, kuma har yau akwai masu ihun a sake shi. Ita ba ta da bidiyon harbin shi ne laifinta.

Af, kafin in manta, mai shayinmu ya ƙara aure, ta uku, kuma ya ƙara kuɗin indomi a satin, mun ce masa mu ne muke biyan lefen ko? Ya ce ka biya bashin ƙwai biyun da ka gudu da shi.

Na dawo. Dogo yana da gaskiya ta wani ɓangaren, kotunan Amurka sun daɗe suna danne baƙaƙe, ba wanda ya musa. Amma ita Cassie ɗin da Megan ba baƙaƙe ba ne? In an zo kansu sai kishin ya ɓace. Kuma abin bai tsaya kanmu ba, ranar da aka wanke Diddy daga waɗancan tuhume-tuhumen wasu magoya bayansa a ƙofar kotu a New York suka riƙa tsiyaya wa jikinsu man shafawar jarirai suna rawa, man da aka yi ta ambata a shari'ar, kai jama'a. R. Kelly ma da aka nuna shirin matan da suka ba da labarinsa a Janairun 2019 sauraron waƙoƙinsa ƙaruwa ya yi. Spotify sun gwada cire shi da XXXTentacion daga jerin waƙoƙin da suke tallatawa a 2018, aka yi musu caa, ba a jima ba suka janye dokar. Yanzu R. Kelly yana zaman shekara 30, amma je gidan biki ka ji.

Ni kaina ban goge komai ba, kar ka ce na zama malam. A bikin ƙanin Dogo DJ ya saki Chris Brown na tashi na taka sosai, sai a kan babur ina komawa gida fuskar Rihanna da ya kumbura da duka a 2009 ta faɗo min a rai. Da safe kuma na sake kunna waƙar ina wanke babur ɗin. Ƙanwar admin ta ce ita ba ta ce kowa ya goge waƙa ba, a daina zagin matan ne kawai, kuma ko wannan ɗin ya gagare mu. Na bi ta ta gefe na ba ta haƙuri, ta turo min babban yatsa ɗaya, ban san ko na yafiya ba ne ko na rabu da ni.

Admin dai ya kulle gurup, shi kaɗai ke magana yanzu, kullum da asuba sai ya turo addu'a. In ya buɗe zan ce ya mayar da kai, ka zo ka sha naka kason tunda kai ka fara koya mana waƙoƙin nan a benci na baya. Kuma memorina mai giga huɗu da ka ara tun muna aji shida, ina sane.

Ka gaida ɗan ɗakinku mai munshari.

Naka,
wanda ka sani