Na'urar da masu lalurar gani ke buƙata ba ta miliyoyi ba ce

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarmu mai farin jini domin in yi magana kan na'urorin da ake ta yayatawa cewa za su raba makaho da ɗan jagora. 'Yata ce ke rubuta wannan wasiƙa ina faɗa mata, domin hawan jinin ido ya cinye mini gani ta gefe, sai abin da ke gabana tsaye nake iya hange, shi ma da rana. Da magariba ta yi, shi ke nan.

Irinmu muna da yawa, amma ba a lissafa mu. Mutane sun san makaho, sun san mai ido, ba su san na tsakiya ba. Binciken da aka gudanar a faɗin Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa a cikin 'yan shekara 40 zuwa sama, kimanin mutum miliyan 1.13 makafi ne, idan kuma aka haɗa da masu raunin gani matsakaici da mai tsanani, adadin ya kai miliyan 4.25. Yanar ido ce kan gaba, hawan jinin ido na biye da ita. Ita yanar ana cire ta a asibiti mutum ya koma gona. Namu kuwa abin da ya tafi ya tafi, sai dai a riƙa ɗiga magani don a tsare ragowar.

To, yaran gida kan zo mini da bidiyo a waya: Baba, ga wani tabarau da ke magana. Gaskiya ne, akwai su. Akwai OrCam MyEye na ƙasar Isra'ila, 'yar ƙaramar kyamara ce da ake maƙalawa a jikin tabarau, tana karanta rubutu, tana gane fuskar mutum ta raɗa maka sunansa a kunne. Akwai Envision na ƙasar Holan. Akwai manhajar Be My Eyes, wadda wani mai raunin gani ɗan ƙasar Denmark ya ƙirƙiro aka fara aiki da ita a 2015, inda wani mai ido daga nesa yake duba maka hanya ta kyamarar waya. Allah ya saka wa masu wannan fasaha. Amma tabarau irin waɗannan dubban daloli ne, wato miliyoyin naira, ni kuwa ɗan fansho ne. Wasunsu sai da intanet mai ƙarfi. Wata manhajar karatu da jikana ya sa mini, da na nuna mata takardar gayyatar ɗaurin aure da Hausa, abin da ta karanto sai da ya sa tsohuwar gidan nan ta yi ta dariya har da hawaye.

Kuma ba karatu ne babbar damuwata ba. Damuwata ita ce daga ƙofar gida zuwa masallaci. Sanda tana gaya maka abin da ke ƙasa: dutse, rami, bakin kwata. Abin da ke sama da ƙugu ba ruwanta. Bakin kwanon rumfar mai shayi da ya sauko daidai goshi, ƙofar shagon ƙarfe da aka buɗe ta waje, bayan tirela da aka faka a bakin titi, wanda sanda za ta wuce ta ƙarƙashinsa lafiya lau, kai kuma ka kai masa fuska. Tabon da ke saman girata ta hagu na roɗin da aka ɗauro a bayan Adaidaita Sahu ne. Ka tambayi duk mai riƙe da sanda a Kano, zai nuna maka nasa.

Wannan matsalar an riga an samo mata magani mai araha. A Indiya, masana a cibiyar fasaha ta IIT da ke Delhi sun fito da SmartCane a 2014. Ɗan akwati ne da ake ɗaurawa a mariƙin sandar da mutum ya saba da ita. Yana aika wani sauti da kunnen ɗan Adam ba ya ji, sautin ya bugi abin da ke gaba ya dawo, kamar yadda jemage ke gane hanya cikin duhu. Daga nan sai mariƙin ya yi rawa a tafin hannu, kana matsawa rawar tana sauyawa. Yana gano abin da ke tsakanin gwiwa da kai tun daga nisan mita 3, ana cajinsa kamar waya, ba ya neman data, ba ya neman Turanci. Rufi 3,000, kuɗin Indiya, aka sa masa a lokacin. Turkiyya ma tana da tata, WeWALK, sai dai ta fi tsada nesa ba kusa ba. Ba na cewa a jefar da sanda. Buɗaɗɗun kwatocinmu sandar ce kaɗai ke gano su.

Abin da nake so in tambaya, me zai hana ɗaliban injiniya na Jami'ar Bayero ko ta Ahmadu Bello su ƙera mana irinta, mai jure ƙurar hunturu, wadda mai gyaran waya a Farm Centre zai iya buɗewa ya gyara? Muna da dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, muna da hukumar da aka kafa dominta. Masu hali da ke raba shinkafa ranar farar sanda, 15 ga Oktoba, su ware wani abu ga wannan. A kuma haɗa da mai koyarwa, don na'ura ba ta amfani ga wanda ba a koya masa tafiya da ita ba.

Yanzu jikan nawa ne ke kai ni asibiti karɓar maganin ido. Duk ranar da za mu je, ba ya zuwa makaranta, kuma bana zai zauna jarrabawar gama firamare.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Tsohon malamin makaranta,
Kano