Ku Bar Mu Mu Ga Raunin Soja

Ya Edita, assalamu alaikum.

Raina ya ɓaci ƙwarai da sharhin da kuka buga makon jiya, inda marubucin ya ce ɗaukar hoton soja cikin jini cin mutunci ne, wai yana karya gwiwar 'yan baya, masu ɗaukarsa kuma da jinin jama'a suke cin abinci. Ina so a tambayar mini shi: ya taɓa wanke dungulmin ƙafa da hannunsa?

Ni na wanke, shekara da shekaru. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana cikin Runduna ta Biyu ta sojojin Najeriya a yaƙin basasa, wadda ta yi yunƙurin tsallake Kogin Kwara daga Asaba zuwa Anaca a watan Oktoba na 1967, ƙarƙashin Murtala Muhammad. A can ya baro ƙafarsa ta hagu. Hoto ɗaya tak muke da shi na wancan zamani: yana tsaye cikin kaki a shagon mai hoto a Kaduna, takalmi na sheƙi, ƙafa biyu cif. Shi ne rataye a ɗakin Inna har yau. Jikokinsa in sun kalla sai su ce su ma soja za su shiga. Ba su san yadda yake farkawa tsakar dare a firgice yana kiran sunayen waɗanda ruwa ya ci ba. Ba su san yadda ciwon ke tashi in zafi ya tsananta ba. Da akwai hotonsa a gadon asibitin soja, wallahi shi zan rataya kusa da wancan.

Hoton da kuka sa a gefen sharhin ma ya ƙaryata marubucin. Larry Burrows ne ya ɗauke shi a Biyetnam a 1966. Saje Jeremiah Purdie ne, sojan Amurka, kansa naɗe da bandeji jini ya rine shi, yana miƙa hannu ga ɗan'uwansa soja da ke yashe cikin taɓo. Ina cin mutunci a nan? Ni zumunci na gani. Mujallar Life ba ta buga shi ba sai 1971, bayan an harbo jirgi mai saukar ungulu da Burrows ke ciki a Lawos. Mutumin da ya ba da ransa a wannan aiki bai cancanci a kira irinsa masu cin abinci da jinin jama'a ba.

Sannan don Allah ku duba lamarin masu rarraba jaridarku. Ta Juma'a ba ta iso mana nan sai Litinin, ga kuɗin kuma kun ƙara.

Naku,
Ɗan wani tsohon soja, Zariya