Kira ga masu zuwa ɗaukar hoto a ƙasar Jodan

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in ja hankalin matafiya zuwa Petra ta ƙasar Jodan, birnin da Nabatawa, wata tsohuwar al'ummar Larabawa, suka sassaƙa cikin jan dutse kimanin shekara 2,000 da suka wuce. Mutum zai bi matsattsen lungu tsakanin duwatsu, mai tsawon fiye da kilomita ɗaya, kafin Al-Khazna, ginin da ya fi shahara a birnin, ya bayyana masa kwatsam, kuma a ganina nan hoto ya fi kyau, musamman da hantsi, lokacin da rana ta haske fuskar ginin. Jan yashin hamadar Wadi Rum ta kudancin Jodan kuwa, hotonsa sai dab da magariba.

Don Allah masu zuwa su daina hawa kan sassaƙen saboda hoto, domin dutsen yana saurin zaizayewa.

Naku,
Mai karatu