Takardar Koke Zuwa Ga Mai Martaba Ona Na Abaji Kan Jirgin Fito A Kogin Gurara

Zuwa ga Mai Martaba Ona na Abaji, Shugaban Majalisar Sarakunan Babban Birnin Tarayya, Abuja.

Assalamu alaikum. Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Mu ne talakawanka mazauna ƙauyukan bakin kogin Gurara, manoma da masunta da 'yan tireda da matan da ke kai kaya kasuwa, har da masu kwale-kwalen da ke fiton mu. Mun zauna mun yi shawara, muka ga babu inda ya dace kukanmu ya fara sauka sai fadarka, domin kai ne uba, kuma muryarka tana isa inda tamu ba ta kaiwa.

Ranka ya daɗe, da za ka tsaya a mashigarmu da hantsin ranar kasuwa a watan Agusta, da ba sai mun rubuta komai ba. Jirgi ɗaya ne na katako. A cikinsa akwai doya da buhunan masara da garin rogo, ga babur biyu an kwantar a tsakiya, ga mata da goyo sun jeru a gefe. Tsakanin bakin jirgin da ruwa bai wuce yatsa huɗu ba. Wani yaro yana tsugune a ƙasa da yankakkiyar jarka yana kwarfe ruwan da ke tsattsafowa ta tsakanin katakai, ba ya ɗaga kai har a kai gaci. Ba mai magana. Sai an taka ƙasa za ka ji an yi hamdala.

Duk lokacin da jirgi ya kife a ƙasar nan, abin da ake faɗa a rediyo ɗaya ne: lodi ya yi yawa, mai jirgi ya cika son kuɗi. Ba mu ce babu masu ganganci ba. Amma mun zauna da masu fitonmu sun buɗe mana lissafinsu, kuma shi ne dalilin wannan takarda. Kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da aka janye tallafin fetur, lita ba ta kai naira 200 a gidan mai ba. A watan Oktoban 2024 ta haura naira 1,000, mu kuwa a nan a hannun 'yan bumburutu muke saye, da ƙari a kai. Ga baƙin mai, ga gyaran inji, ga kafintan da ke toshe kafofi, ga katakon da ke ruɓewa ba ya jiran kowa. Kuɗin fito kuwa ba ya iya bin fetur a guje, saboda wadda za ta biya ita ce matar da ba ta sayar da doyarta ba tukuna. In aka ƙara mata, sai ta fasa zuwa kasuwa.

Sannan sana'ar ba ta shekara ba ce. Da rani ruwa yana ja baya, jirgi ya kwanta a kan yashi, mai shi ya koma gona ko su. Cikin 'yan watannin damina da kaka zai nemo abin da zai ci da iyalinsa, ya kuma gyara jirgi. A ranar kasuwa ma, da safe ya tafi cike ya dawo fanko, da yamma a juya. Sahu biyu yake ƙona wa mai, sahu ɗaya ake biyansa. To, mutumin da aka ce ya ɗauki rabin abin da ya saba ɗauka, a kan tsohon farashi, da tsadar man yau, an ce masa ya ajiye sana'ar ne. In ya ajiye, mu da yaranmu 'yan makaranta da masu naƙuda mun zama fursunonin ruwa. Shi ya sa kowa yake gani yana shiru, mu ma da mu.

Ni mai rubuta wannan takarda na taɓa tsallaka da ƙanwata cikin dare tana naƙuda, tankin inji babu ko ɗigo. Da filafili aka tuƙa mu, ina haska fitilar waya, ruwa yana jan mu ƙasa da mashiga. Allah ya sa ta sauka lafiya. Har yau in na ji ƙarar ruwa da dare, hannuna yakan tuna sanyin katakon nan.

Ba mu manta da Bagwai ta jihar Kano ba, inda jirgi ya nutse a madatsar Watari a watan Nuwamban 2021 da ɗaliban Islamiyya masu zuwa Maulidi. Ba mu manta da Patigi ta jihar Kwara ba, inda 'yan biki sama da 100 suka rasu a watan Yunin 2023, ko Mokwa ta maƙwabciyarmu Neja a watan Oktoban 2024. Allah ya jiƙansu. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa, wadda hedikwatarta ke nan kusa a Lokoja, ta hana tafiyar dare da lodin wuce kima, ta kuma wajabta rigar ruwa mai hana nutsewa. Doka ce mai kyau, muna goyon bayanta ɗari bisa ɗari. Sai dai wanda bai mayar da kuɗin mai ba, da me zai sayi rigunan fasinja?

Mun san amsar da akan bayar: jirgin fito ba ya kawo riba, gwamnati ba za ta zuba kuɗi a ruwa ba. Gaskiya ne ba ya kawo riba, mu muka fara faɗa. Amma jirgin ƙasa na cikin birnin Abuja, wanda ya ci sama da dala miliyan 800, aka buɗe shi a 2018, ya tsaya a 2020, aka sake tayar da shi a watan Mayun 2024 har aka ɗauki mutane kyauta, ba wanda ya ce sai ya mayar da kuɗinsa daga tikiti. An gina tashoshin mota na zamani a Mabushi da Kugbo. Ba a tambayar kwalta ko gada nawa ta samo a wata. Ba hassada muke yi ba, wallahi, 'ya'yanmu ma suna aiki a birni suna amfana. Cewa muke yi mashigar nan ita ce kwaltarmu, a lissafa ta cikin kuɗin sufurin jama'a kamar sauran. Kuma wannan kogin da muke tsallakawa da fargaba, ruwansa ne ake ja ta bututu daga madatsar Gurara zuwa madatsar Usuma domin mutanen birni su sha.

Saboda haka muna roƙon Mai Martaba ya miƙa kukanmu ga shugaban ƙaramar hukumar Abaji da Ministan Abuja. Babbar buƙatarmu gada ce, amma mun san ba aikin damina ɗaya ba ne. Kafin nan, a ba mu jirgi mai inji, mai faɗi, da rigunan ruwa har da na yara, a kuma ware kuɗin mai da gyara a kasafin kowace shekara. Wannan na biyun ya fi na farko muhimmanci a wurinmu, domin jirgin da aka kawo da kiɗa da jawabi, aka bar shi babu kuɗin gyara, ƙarshensa yara su riƙa wasa a kansa a bakin gaɓa.

Mu ma ba hannu kawai muka miƙa ba. Za mu ci gaba da biyan kuɗin fito daidai ƙarfinmu. Mun yarda a sa kwamiti ƙarƙashin mai gari da sarkin ruwa, da mace aƙalla ɗaya daga cikin 'yan kasuwa, a rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, a karanta a bainar jama'a kowane wata. A ja layi da fenti a jikin jirgi, in ruwa ya taɓa shi ba mai ƙara ko kaza. Masu fiton da muke da su a ɗauke su su tuƙa, domin su suka san inda dutse yake da inda ruwa ke juyawa.

Muna roƙon a turo wakili ya tsallaka tare da mu ranar kasuwa, kafin ruwa ya sake cika. Sa hannunmu da dangwalen yatsunmu suna haɗe da wannan takarda, kuma duk ranar da fada ta kira mu, za mu zo da masu jiragen da littafin lissafinsu.

Allah ya taimaki Sarki.

Mu ne talakawanka,
Al'ummar ƙauyukan bakin kogin Gurara, ƙaramar hukumar Abaji, Abuja.